Kulob Ɗin Golf na St Andrews da Filinsa: Tarihi da Bunƙasa

1.0 Gabatarwa

St Andrews ƙaramin gari ne da ke bakin teku a gabashin ƙasar Sikotlan, cikin yankin Fife. Abubuwa uku aka san shi da su: kangon tsohuwar majami'arsa, da jami'arsa wadda aka kafa tun shekarar 1413, da kuma wasan golf, wato wasan da wasu gidajen rediyo na Hausa ke kira ƙwallon lambu. A gefen garin akwai wani dogon fili mai tuddan rairayi da ake kira Old Course, ma'ana Tsohon Fili. A bakin filin kuma akwai wani ginin dutse, mazaunin kulob ɗin nan mai suna Royal and Ancient Golf Club.

Baƙon da ya ga ginin yana fuskantar filin zai ɗauka filin na kulob ne, kamar yadda abin yake a wurare da yawa. Amma a St Andrews kulob daban, fili daban. Kulob na mambobi ne, ba a shigarsa sai an gabatar da mutum an kuma amince da shi. Fili kuwa na jama'a ne, duk wanda ya iya wasan yana da damar neman bugawa a cikinsa. Wannan maƙala za ta bi tarihin abubuwan biyu, ta nuna yadda suka zauna tare fiye da shekara 250, da irin ja-in-jar da aka sha a kan tambaya guda: wa ke da fili, wa kuma ke da ikon shiga?

2.0 Wasan da Kalmominsa

Kafin a shiga tarihi, ya kamata a san yadda wasan yake. Ɗan wasa yana bugun ƙaramar ƙwallo da sanda mai lanƙwasasshen kai, daga inda ake fara bugu har ya jefa ta cikin rami mai faɗin milimita 108. Tazarar da ke tsakani takan kama daga kimanin mita 100 zuwa fiye da 500. Cikakken zagaye ramuka 18 ne, kuma wanda ya gama da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Doka ba ta yarda ɗan wasa ya shiga fili da sanda fiye da 14 ba. Sau da yawa akan sami wanda zai ɗaukar masa su, ya kuma ba shi shawara a kan iska da nisa.

A wannan maƙala za a kira inda ake fara bugu "masomi". Wurin da aka aske ciyawa ƙwarai a kewayen rami za a kira shi "dandali", gurbin da ke cike da yashi don ya kama ƙwallon wanda ya kuskure kuma "kwarin rairayi". Akwai wata kalma ta mutanen Sikotlan da ta cancanci bayani, wato links. Ma'anarta ƙasar rairayi da ke tsakanin teku da gonaki. Irin wannan ƙasa ba ta nomuwa, saboda haka aka bar ta ga kiwon tumaki da shanyar tufafi da wasanni. Ruwa ba ya kwanciya a kanta, ciyawarta gajera ce, iskar teku kuma ba ta barinta. A kan irin wannan ƙasa aka haifi golf. Ke nan ba wani ne ya zana Tsohon Fili a takarda ba. Iska da tumaki da ƙafafun ƴan wasa su ne suka fara tsara shi.

3.0 Fili Kafin Kulob

Rubutu mafi tsufa da ya ambaci golf a Sikotlan doka ce ta hani. A shekarar 1457 majalisar Sarki James na II ta haramta golf da ƙwallon ƙafa, saboda sun ɗauke hankalin maza daga koyon harbi da kwari da baka, alhali ana zaman ɗar-ɗar da Ingila. An sake maimaita hanin a 1471 da 1491, abin da ke nuna cewa mutane ba su bari ba. A 1502, shekarar da aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Ingila, Sarki James na IV da kansa ya sayi sandunan golf.

Takardar da ta fi muhimmanci ga St Andrews ita ce ta 1552. A cikinta Akbishop John Hamilton ya sami izinin kiwon zomaye a wani sashe na filin, shi kuma ya tabbatar wa mutanen gari haƙƙinsu na yin golf da ƙwallon ƙafa da harbi da sauran wasanni a wurin. Abin lura a nan shi ne, an rubuta haƙƙin jama'a a kan filin shekara 202 kafin a kafa kulob. Duk gardamar da aka yi daga baya, ga wannan haƙƙi ake komawa.

4.0 Kafa Kulob

St Andrews ba shi ne ya fara kafa ƙungiyar golf ba. A 1744 wasu masu hali da ke wasa a Leith, kusa da Edinbura, suka kafa tasu, suka rubuta dokoki 13, waɗanda su ne dokokin golf mafi tsufa da ake da su a rubuce. Shekara goma bayan haka, ranar 14 ga Mayu 1754, mutum 22 daga cikin masu sarauta da masu ƙasa na yankin Fife suka haɗa kuɗi suka sayi sandar azurfa don a riƙa gasa a kanta kowace shekara. Suka ɗauki dokokin Leith kusan kalma da kalma. Wannan ƙungiya ta ƴan golf na St Andrews ita ce tushen kulob ɗin.

A farko, wanda ya ci gasar sandar azurfa shi ne yake zama shugaba na shekarar, ya kuma rataya ƙwallon azurfa a jikin sandar. Daga baya aka koma zaɓen shugaba, amma al'adar ba ta mutu ba. Sabon shugaba yakan fito da safe ya yi bugu ɗaya daga masomin farko, a buga igwa, masu ɗaukar sanduna su yi rige-rigen tsintar ƙwallon, wanda ya kawo ta a ba shi tsabar zinariya.

A 1834 Sarki William na IV ya amince ya zama uban ƙungiya, daga nan ta sami sunan Royal and Ancient, wato ta sarauta kuma mai daɗaɗɗen tarihi. Shekara ɗari cur ƙungiyar ta yi ba ta da gidan kanta, yawanci a masaukan gari take taro. Sai a 1854 aka buɗe ginin da ke bakin filin, wanda aka yi ta faɗaɗawa daga baya.

4.1 Asalin Ramuka 18

Tsohon Fili siriri ne, saboda sarƙaƙiyar ƙaya ta matse shi ta kowane gefe. Don haka ƴan wasa sukan bi ramuka 11 su fita har bakin kogin Eden, sannan su juyo su sake bin waɗannan ramukan su dawo gari, jimla 22 ke nan. A 1764 ƙungiya ta ga ramuka huɗu na farko sun yi gajarta, sai ta haɗe su suka zama biyu. Aka koma 9 a fita, 9 a dawowa, wato 18.

Wannan adadi bai zama doka nan take ba. Filin Leith ramuka 5 gare shi a lokacin, na Prestwick kuma da aka buɗe a 1851 yana da 12. Sannu a hankali, da martabar St Andrews ta ƙaru, sauran filaye suka bi sahu, har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 ramuka 18 suka zama ma'auni. Ke nan gyaran da aka yi don sauƙin wasu mutane ƙalilan a fili guda shi ne ya zama ƙa'idar duniya.

5.0 Rikicin Zomaye

Babbar barazanar da filin ya fuskanta daga hukumar gari ta zo. A 1797 bashi ya yi wa majalisar garin katutu, ta sayar da filin. A 1799 ya faɗa hannun wasu ƴan kasuwa, Charles Dempster da ɗansa Cathcart, waɗanda suka mayar da shi wurin kiwon zomaye don nama da fata. Zomo kuwa aikinsa haƙa. Ba a daɗe ba filin ya cika da ramukan da ba na wasa ba.

Ƴan golf suka kai ƙara, suna kafa hujja da tsohon haƙƙin mutanen gari da kuma sharaɗin cinikin, wanda ya hana a ɓata wurin wasa. Shari'a ta tashi daga kotun Edinbura har ta kai Majalisar Dattawan Birtaniya a Landan, a fili kuma ana ta kashe zomaye ana faɗa da masu gadinsu. An yi kimanin shekara 20 a haka. Abin da ya kashe wutar shi ne a 1821 James Cheape, mai ƙasar Strathtyrum da ke maƙwabtaka da filin, wanda shi ma ɗan golf ne, ya saye wurin ya bar shi ga wasa.

An tsira, amma darasin a bayyane yake. Filin da jama'a ke taƙama da shi ya zama mallakar mutum ɗaya, kuma ɗorewar wasan ta rataya ne a kan kirkin mai shi da na magadansa.

6.0 Ƙwallo, Jirgin Ƙasa da Tom Morris

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, ƙwallon golf ta fata ce da ake cusa wa dafaffen gashin tsuntsu. Gwanin ɗinki bai fi ya gama uku ko huɗu a yini ba, ga tsada, ga saurin lalacewa idan ta jiƙe. Wannan ya sa wasan ya fi ƙarfin talaka. Wajen 1848 aka fara yin ƙwallo da danƙon wata bishiya ta yankin Malaya, mai araha da ƙarko. A 1852 kuma layin dogo ya iso St Andrews. Abubuwan nan biyu suka cika filin da ƴan wasa.

Sabuwar ƙwallon ta raba mutum biyu da suka fi kowa suna a garin. Allan Robertson, gwanin zamaninsa, sana'ar gidansu ita ce ɗinkin ƙwallon gashi, saboda haka ya ɗauki ta danƙo a matsayin mai kashe masa kasuwa. Da ya sami labarin yaronsa Tom Morris ya yi wasa da ita, sai suka ɓata. Morris ya koma Prestwick a 1851, inda ya tsara filin da aka fara gasar Open a 1860. Shi kansa ya ci gasar sau huɗu: 1861, 1862, 1864 da 1867. Robertson ma daga baya ya rungumi ƙwallon danƙo, kuma da ita ya zama na farko da ya gama Tsohon Fili da bugu ƙasa da 80, wato 79, a 1858.

A 1864 kulob ya dawo da Morris ya zama mai kula da fili a kan albashin fam 50 a shekara, ya riƙe aikin kusan shekara 40. Shi ya ci gaba da sare ƙaya don faɗaɗa hanyar ƙwallo, ya gina dandalin rami na 18 da na farko, ya kuma yawaita barbaɗa rairayi a kan ciyawa don ta yi laushi ta daidaita, dabarar da masu kula da filaye ke bi har gobe.

Cunkoso ya kawo wani gyaran. Tunda masu fita da masu dawowa rami ɗaya suke nufa, sai aka faɗaɗa dandaloli aka haƙa rami biyu a kowanne. Shi ya sa Tsohon Fili yake da manyan dandaloli 7 masu rami bibbiyu. Idan aka haɗa lambobin ramukan kowane dandali, 18 ake samu: 2 da 16, 3 da 15, haka har zuwa 8 da 10. Ramuka na 1, 9, 17 da 18 ne kaɗai ke da dandalin kansu. Filin yana da kwarin rairayi 112, da yawansu da sunayensu, kuma wanda ke rami na 14 saboda zurfinsa da faɗinsa aka laƙaba masa sunan Jahannama.

7.0 Komawar Fili Hannun Gari

A 1893 kulob ya sayi filin daga magadan Cheape a kan fam 5,000. A ganin mambobi, wannan kariya ce ga wasan. Mutanen gari kuwa tsoro ya kama su, domin wanda ya mallaki fili yana iya kewaye shi da shinge wata rana. Majalisar gari ta kai kuka Majalisar Dokokin Birtaniya, aka kafa dokar 1894 wadda ta ba garin ikon karɓar filin. Kulob ya ci gaba da ɗaukar nauyin kula da shi, ya kuma gina fili na biyu da kuɗinsa, wanda aka buɗe a 1895, aka kira shi Sabon Fili. An ba mambobi wasu lokuta na musamman na fara wasa, amma mallaka ta koma ga gari. Wannan ne karo ɗaya da kulob ya taɓa mallakar Tsohon Fili, kuma bai wuce kimanin shekara guda ba.

Har zuwa 1913 kyauta kowa ke wasa a Tsohon Fili. A shekarar aka fara karɓar kuɗi daga baƙi, ƴan gari kuwa sai a 1946. An ƙara filaye don rage cunkoso: Jubilee a 1897, Eden a 1914, har zuwa Castle, na bakwai, a 2008.

Da aka zo sake fasalin ƙananan hukumomin Sikotlan, wanda zai rushe majalisar garin, sai tsohuwar tambayar ta sake tasowa. Aka amsa ta da dokar 1974, wadda ta kafa hukumar amintattu mai suna St Andrews Links Trust, mai wakilai daga majalisar yanki da kulob da gwamnati. Ita ke gudanar da filayen a madadin jama'a. Wani kaso mai yawa na lokutan wasa a Tsohon Fili ta hanyar ƙuri'a ake raba shi, attajiri da malamin makaranta duk sunansu cikin ƙwarya ɗaya. Ranar Lahadi kuma, in ba ana babbar gasa ba, ba a golf a wurin. Filin yakan zama wurin shan iska, iyalai su yi yawo da yaransu da karnukansu a inda zakarun duniya ke fafatawa.

Ya kamata a sani cewa Royal and Ancient ba shi kaɗai ne kulob a garin ba. Tun 1843 masu sana'ar hannu suka kafa nasu, mata kuma suka kafa nasu a 1867. Duk a filayen nan na jama'a suke wasa.

8.0 Daga Kulob Zuwa Hukumar Duniya

Yayin da ikon kulob a kan fili yake raguwa, ikonsa a kan wasan yana ƙaruwa. Da golf ya bazu, kowane kulob da dokokinsa, abin ya zama ruɗani. Manyan kulob-kulob suka nemi St Andrews ya shige gaba, aka kafa kwamitin dokoki a 1897, ya fitar da kundinsa na farko a 1899. A 1920 kulob ya karɓi ragamar gasar Open. Amurka tana da tata hukumar tun 1894, kuma sai a 1952 ɓangarorin biyu suka fara aiki da kundin dokoki guda. Hukumar Amurka ke kula da Amurka da Meziko, St Andrews kuma da sauran duniya. Saboda haka ɗan golf a Kano ko Kaduna ko Akara da dokokin da suka bi ta St Andrews yake wasa.

An fara kawo gasar Open Tsohon Fili a 1873, Tom Kidd, mai ɗaukar sanduna ɗan garin, ya ci da bugu 179 a zagaye biyu. A 2022 aka yi ta a can karo na 30, wanda ya dace da gasa ta 150, Cameron Smith na Ostireliya ya ci da bugu 268 a zagaye huɗu. Wato Kidd yana yin kusan 90 a zagaye, Smith kuma 67. Wannan bambanci ya nuna matsalar da filin ke ciki. Sanduna da ƙwallayen zamani suna kai ƙwallo nesa ƙwarai, har aka ja tsawon filin zuwa kimanin mita 6,700 a 2022, aka kai wasu masomai wajen tsohuwar iyakarsa. Fili mai teku a gefe ɗaya da gari a ɗaya gefen ba ya miƙuwa har abada. Irin wannan damuwa na cikin dalilan da suka sa hukumomin biyu suka sanar, a watan Disamba 2023, da shawarar rage nisan da ƙwallo ke iya zuwa.

Akwai kuma wata tambaya: ya dace kulob na mambobi, wanda ba wanda ya zaɓe shi, ya riƙa yi wa duniya doka? A 2004, lokacin cikarsa shekara 250, aka raba aikin biyu. Aka kafa wata hukuma dabam mai suna The R&A don dokoki da gasanni da raya wasan, kulob kuma ya tsaya a kan harkokin mambobinsa.

9.0 Shigar Mata

Rabuwar 2004 ba ta rufe bakin masu suka ba, domin shekara 260 kulob ya yi bai da mace ko ɗaya a cikin mambobinsa. Mata suna wasa a Tsohon Fili, tunda na jama'a ne, amma ƙofar ginin da ke bakinsa a rufe take gare su. A 2007 aka kawo babbar gasar mata ta Birtaniya filin a karo na farko, Lorena Ochoa ta Meziko ta ci, aka buɗe wa ƴan wasan ginin na tsawon gasar kawai.

Ranar 18 ga Satumba 2014, ranar da Sikotlan ta yi ƙuri'ar raba-gardama a kan ballewa daga Birtaniya, aka bayyana sakamakon ƙuri'ar mambobin kulob, waɗanda yawansu ya kai kimanin 2,400 a faɗin duniya. Kashi 85 cikin ɗari na waɗanda suka jefa sun amince a karɓi mata. A watan Fabrairu 2015 aka sanar da na farko, cikinsu har da Gimbiya Anne, da Annika Sörenstam ta Suwidin, da Laura Davies ta Ingila, da Renee Powell, baƙar fata ƴar Amurka.

10.0 Kammalawa

An ga yadda filin St Andrews ya girmi kulob ɗinsa, da yadda haƙƙin jama'a da aka rubuta a 1552 ya tsallake cinikin 1797 da rikicin zomaye da sayen 1893, har dokokin 1894 da 1974 suka ɗaure shi. An kuma ga yadda ƙungiyar mutum 22 ta ba duniya ramuka 18 da kundin dokoki, ba tare da ta riƙe ƙasar da ke ƙofar gidanta ba. Kowane ɓangare ya amfana da ɗaya. Kuɗin kulob da kulawarsa sun raya filin a lokacin da gari ba shi da hali, kasancewar filin na jama'a kuma ta hana a killace shi ga masu hannu da shuni. Mai nazarin tarihin kowane kulob na mambobi, a Turai ko a Afirka, zai amfana idan ya fara da tambayoyin da St Andrews ya sha fama da su: ƙasar ta wa ce, wace takarda ta tabbatar da hakan, kuma wa aka bari a waje?